Damin Geron Da Na Mayar

Ranar da na yi wannan kuskure mu biyar ne a ƙofar gidanmu, a wani ƙauye ta wajen Sule Tankarkar. Akwai ni, akwai ƙanin marigayi mijina, akwai mai unguwarmu da ya zo wucewa ya tsaya shan inuwa, akwai maƙwabciyata mai daddawa, sai baƙon da na ara wa gona, yana tsaye da damin gero a ka. Duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Ban yi boko ba, allo ma ban wuce ƙananan surori ba, da baki nake faɗa ana rubuta muku. A lokacin ni bazawara ce mai 'ya'ya biyu ƙanana, kuma an san ni da tsanani da sa ido. Kazar wa ta shiga dangar wa, ni na sani kafin mai kazar ya sani.

Baƙon nan daga arewa ya zo, ƙasar Damagaram, a shekarar babbar yunwa, shi da matarsa da ɗansu ɗaya. Mijina ya bar wa marayunsa gona a bakin gari, wadda ta sha taki tun zamanin kakansu, ga shi ba mai noma ta. Sai na ara masa, har ɗana ya kai ƙarfin riƙe fartanya. Al'adarmu kuwa, wanda aka ara wa gona, duk kaka zai ɗauko dami ɗaya ya kai wa mai ita da rana tsaka, mutane na gani. Damin ba don ci ba ne. Shi ne ke tuna wa gari cewa gonar tana da mai ita.

To ni a kwanakin na ji mata a bakin rijiya suna cewa wai bazawara ta zauna tana jiran abincin ɗan gudun yunwa. Maganar ta yi mini ciwo. Kuma na ga matarsa, ƙashin wuyanta kamar a rataya ƙwarya. Tausayi da girman kai suka haɗu mini wuri ɗaya, har yau ban san wanda ya fi yawa ba. Da baƙon ya iso da damin, na ce masa ya juya da kayansa, ni ba na cin abin da aka ciro daga bakin mayunwaci. Ƙanin mijina ya matso ya ce haba Yaya, ki zari ko zangarniya ɗaya ce, saboda gobe. Na ce masa in dami yake so ya je ya ara tasa gonar. Mai unguwa ya yi dariya ya ce to, malam, ka tsinci dami a kala, wannan ai kyauta ce. Na ji shi sarai, ban gyara masa ba, na shige gida. Da kaka ta zagayo mutumin ya sake zuwa, na aika aka sallame shi tun daga zaure. Daga nan bai ƙara tako ƙofata da dami ba.

Shekaru suka tafi, ina kaɗi da ƙuli ina ciyar da yarana. Ƙanin mijina ya rasu, baƙon ma ya rasu, ɗansa ya ci gaba da noman. Ɗana ya isa aure, gyaɗa kuma ta yi daraja, kowa na neman inda zai shuka. Na aika wa ɗan baƙon cewa bana za mu karɓi gonarmu. Ya zo da kansa ya durƙusa, ya ce Inna, wace gona? Shi tun da ya yi wayo bai taɓa ganin ubansa ya kawo mini komai ba, kuma duk gari sun san kyauta na yi. Ba rashin kunya ya yi mini ba, abin da ya sani ya faɗa. Dagaci ya kasa raba mu, ya tura mu Gumel gaban alƙali.

A zaman farko na gane ramin da na haƙa wa 'ya'yana. Alƙali ya ce in kawo shaidun aro. Mai unguwa, da ya tsufa tukuf, ya ce Allah ya gafarta Malam, shi dai abin da ya gani an kawo dami an mayar. Mai daddawa ma haka ta ce, tana kauce wa idona. Alƙali ya yi mini bayanin abin da suke kira hauzi: wanda ya riƙe wuri shekara goma mai shi na gani bai ce uffan ba, ƙarar mai shi ta faɗi, sai fa in ya tabbatar aro ne. Ya ba ni lokaci in nemo shaidu. Na fito na nufi masauki. Ɗana na biye da ni da jaki.

Matar da ta saukar da mu a Gumel ce ta ce in je wurin wani tsohon malami a bayan kasuwa, wanda ya daɗe yana muhuti, wato mataimakin alƙali, kafin ya ajiye. Na kai masa goro na zayyana masa komai, ina ta nanata irin alherin da na yi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce baiwar Allah, alherinki ba shaida ba ne. Ya tambaye ni, da na kori mutumin da damin, ina ya nufa da shi? Ni da nake ganin komai, wannan ban gani ba, don na juya baya. Ya ce in mutumin mai tsoron Allah ne, abin da ya ɗauko da niyyar ba nasa ba ne da wuya ya mayar rumbunsa. In koma in tambayi masu karɓar sadaka.

Ladaninmu na fara samu yana gyaran igiyar guga. Ya ce ƙwarai, duk kaka mutumin yakan biyo ta bayan gari da dami ya kai wa liman, ya ce wannan na gonar marayu ne, uwarsu ta ƙi karɓa, a yi wa ubansu sadaka da shi. Har shekarar da ya rasu bai fasa ba. Na ce to kai me ya hana ka magana duk kwanakin nan? Ya ce shi wa ya tambaye shi, kuma wa ke iya tarar gabana da zance? Liman kuwa ya makance, yana Ɗanzomo wurin 'yarsa. Ɗana ya je ya ɗauko shi a kan jaki.

A zama na biyu su biyun suka ba da shaida, bakinsu ɗaya. Sai ɗan baƙon ya ce Allah ya gafarta Malam, shi ma ya taɓa ɗaukar wa ubansa damin nan da ciwo ya kama shi, ya zaci zakka ce. Ya ce ba zai ƙaryata ubansa a kabari ba. Alƙali ya ce gona ta marayu ce. Ban san sanda na zauna daɓas a ƙasa ba. Aka miƙo mini ruwa a buta, na sha, ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba.

Ba wayona ne ya cece mu ba, gaskiyar mutumin da na wulaƙanta ce, da tambaya ɗaya ta wanda ya san shari'a. Ku masu gona ko kango ko ɗaki a hannun wani, kada kunya ko son a yabe ku ya sa ku ƙi karɓar abin da al'ada ta ce a kawo. Ku karɓa a gaban mutane, in kun ga dama ku mayar masa ninki biyu ta bayan gida. In kuma rigima ta taso, ku nemi masani tun kafin ku shiga gaban alƙali, kada ku yi irin tawa. Abin marayu ma ba nawa ba ne da zan yi fankama da shi.

Washegari da muka koma gida, da hantsi na kira dagaci da ladan da maza biyu daga unguwa, na sa aka kira yaron, muka tafi gonar. Da yardar ɗana na yanke masa gefen gabas, inda ubansa ya fi zuba taki, na ce aro ne, kowa ya ji da kunnensa, kuma dami ɗaya duk kaka, ta tsakiyar gari, ba ta baya ba. Ya yi godiya, sannan ya tambaya wai in ya kawo zan karɓa kuwa? Na ce masa ya kuskura kaka ta wuce bai kawo ba, zai gan ni a bakin rumbunsa da gammona.