Kwanan Wata a Murfin Gwangwani

Ranar Talata ce, ranar awon jarirai, kuma tun da gari ya waye babu wanda ya yi dariya a gidan Baba Cokali. 'Yarsa Auta tana ɗaki tana sa wa jaririyarta riga, ta cire ta sake wata, don duk wadda ta sa sai ta ga ta yi wa yarinyar yawa. Rigunan nan kuwa wata guda da ya wuce cif suke mata. Awo biyu ke nan a jere yarinyar ba ta ƙaru ba, kuma nas ɗin ta faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: in yau ma sikeli bai motsa ba, gado za a ba su, a ɗebi jini a binciko abin da ke cin ta.

Shi Baba Cokali yana kicin, yana aikin da ya fi kowa iyawa, wato haɗa madara.

Sunan nan ba a banza ya same shi ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana dafa wa ma'aikata shayi a wata masana'antar takalma. Gwangwanin madarar da wani zai yi wa mutum ashirin shayi da shi, shi sai ya yi wa talatin da biyar, kuma kowa ya tashi yana lashe baki. In ya ɗebo gari a cokali yakan ɗan girgiza hannu sau biyu, rabi ya koma gwangwani, ba mai lura. Sannan ya ɗaga buta sama ya tsiyayo daga nesa, kumfa ta taso ta cika kofi, ka rantse da madara zalla aka yi.

A gida ma haka yake, har ya fi. Madarar ruwa in ta shigo, tafasa ta yake yi, ya ƙara mata ruwa da ɗan gishiri don kada baki ya gane, ya rarraba a ƙananan kwalabe ya jera a firij. In an ɗauke wuta ya naɗe kwalaben da jiƙaƙƙen tsumma ya tsoma a bokiti. Gwangwani in ya ƙare sai ya ɗauraye shi da ruwan zafi ya shanye ruwan. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce da ana tatsar gwangwani da tuni mijinta ya tatsa. Kuma yana da wata ɗabi'a da bai taɓa fashi ba: ranar da ya fasa gwangwani, zai sa ƙusa ya karce kwanan wata a murfin, don ya san kwana nawa ya ja shi. Da wannan hannun ya raini 'ya'ya biyar a kan albashin mai shayi, ba wanda ya taɓa fita makaranta da baƙin shayi a cikinsa. In yana da abin alfahari a duniya, to wannan ne, kuma ba ya gajiya da faɗa.

Auta ta dawo gidan ne bayan haihuwa, don mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana a gari ba. Yarinyar tana wata biyu Auta ta yi wani zazzaɓi mai zafi, ruwan nononta ya ja baya, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ga shagon ɗinkin da take aiki sun ce ta dawo ko a ba wata kekenta. Aka koma madarar jarirai ta gwangwani, Baba Cokali ya karɓi raino da hannu bibbiyu. Shi ke sayo madarar, shi ke haɗa ta kwana guda tun da safe ya jera a firij, Auta in ta dawo a gajiye ɗumamawa kawai take yi. Jikar tasa kuwa Amarya yake kiran ta, yana mata tsiya wai ta zo ta kore masa zaman gwauranci.

Ranar farko Auta ta nuna masa rubutun jikin gwangwanin, ta ce, "Baba, cokali biyar ake sawa, ruwan ya tsaya a wannan layin."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Ni za ki koya wa madara? Ke da na raina da ita?"

A ransa ya riga ya yanke hukunci. Masu kamfani ai ba wawaye ba ne, dole su rubuta biyar don gwangwani ya ƙare da wuri a sayi wani. Bai ga abin da zai tayar wa Auta da hankali a kai ba, sai ya yi shiru ya yi abin da ya saba.

Da hantsi suka isa asibitin. Dogon benci, mata da jarirai, fanka tana juyi ba ta korar zafi. Baba Cokali shi kaɗai ne namiji a layin, ya rungume jakar da ke ɗauke da gwangwani da filas da kwalbar shayarwa. Amarya tana kafaɗar uwarta, ba kuka ba wasa, idanun nan sun yi zuru-zuru. Shirun nata ya fi kukan ba shi tsoro. Ya kalli wani jariri a kusa da su, cinyoyi ɓul-ɓul, ya ji uwar tana cewa watansa uku. Amarya watanta huɗu da sati.

Auta ta sunkuyo ta ce a hankali, "Baba, ni ce. Da nonona bai ƙafe ba da duk haka ba ta faru ba. Wace irin uwa ce ni?"

"Kul, kada in ƙara jin wannan maganar," in ji shi. "Allah ne ke da iko. Ci kuwa tana ci, ni shaida ne. Kwalba ba ta minti biyar a bakinta, ta shanye tana neman ƙari."

Aka kira su. Nas ɗin babbar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta tuɓe yarinyar ta ɗora a sikeli. Su uku suka zuba wa lambobin ido. Lambobin suka yi rawa, suka tsaya. Nas ta duba katin, ta sake duban sikelin, ta ɗaga yarinyar ta sake ɗorawa. Ba ƙaruwa ba ce, raguwa ce.

Auta ta dafe bango.

Nas ta fara tambaya ɗaya bayan ɗaya. Tana amai? A'a. Gudawa? Wani lokaci. Fitsari fa? Auta ta ce fitsari kam kamar famfo, ba ta raba ta da canjin ƙunzugu. Nas ta ce a ba ta madarar ta gani, ko kwananta ya wuce. Baba Cokali ya zaro gwangwanin ya miƙa da ƙarfin gwiwa, don ya san bai taɓa sayen abin da ya lalace ba.

Ta juya gindin ta duba, lafiya lau. Har za ta miƙo masa sai yatsanta ya ji karce a murfin. Ta gyara tabarau.

"Wannan kwanan watan na mene ne?"

"Ranar da na fasa shi ke nan, Malama," ya ce, har da ɗan murmushi.

Ta buɗe ta leƙa. Da sauran gari a ciki, kusan kwata.

"Baba, yau kwana takwas ke nan. Akwai wani gwangwanin da ake sha tare da wannan?"

A nan murmushin ya mutu. Nas ba ta ɗaga murya ba. Ya ga yadda Auta ta juyo tana kallon sa. Ya san in ya ce e, akwai wani a gida, magana ta wuce, a ɗebi jini, a yi ta bincike, mutuncinsa na nan. Kalmar har ta zo bakinsa. Sai ya dubi Amarya kwance a kan sikeli, haƙarƙarinta a waje ana iya ƙirgawa.

"Babu wani," ya ce. "Shi kaɗai ne."

"Yarinya kamar wannan, gwangwanin nan kwana huɗu ya kamata ya yi mata, in ya daɗe." Ta turo masa kwalbar da filas a kan tebur. "Haɗa mata in gani. Yadda ka saba, kada ka canza komai."

Ya zuba ruwa ya wuce layi da yatsa guda. Ya ɗebo gari, hannun ya girgiza sau biyu da kansa, ba da izininsa ba, rabi ya koma. Ya yi haka sau huɗu ya rufe. Ya jijjiga kwalbar sosai, kumfa ta taso, ta yi fari tas kamar ta kirki.

"In ta rage fa?" in ji nas.

"Firij nake mayarwa. In haɗa da ta gaba."

Nas ta cire tabarau ta ajiye. "Baba, babba in ka tsinka masa madara, zai je ya ci abinci ya ƙoshi. Wannan ba ta da wani abinci a duniya sai abin da ke cikin kwalbar nan. Ruwa take sha, cikinta ya cika, jikinta yana yunwa. Ruwan ma in ya yi wa jariri yawa yana iya sa shi jijjiga. Allah ne ya rufa asiri kuka zo yau."

"Na ce maka biyar," in ji Auta. "Baba, na nuna maka layin. Wata biyu ina kwana ina tsine wa kaina, kana ji na, kana ce mini Allah ne ke da iko."

Ya buɗe baki zai ce da haka ya raine ta, da haka ya raini yayyenta huɗu. Sai ya tuna dukansu nonon uwarsu suka sha har aka yaye su, tasa madarar ta shayi ce kawai. Shekara talatin da huɗu yana alfahari, wannan ɗan lissafin bai taɓa zuwa masa ba. Kunya da tsoro suka haɗu suka danne shi, ya nemi kujera ya zauna.

Kwana biyu aka riƙe su a asibiti. Auta ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. In ya kawo abinci ta ce an gode, ta kau da kai. Da suka dawo gida ta ɗauke gwangwanin daga kicin ta kai ɗakinta. Shi kuma ya kwashe ƙananan kwalabensa daga firij, ya rasa inda zai sa su, ya rasa inda zai sa kansa.

Ranar Lahadi da la'asar ta fito da sabon gwangwani ta dire a gabansa. Gobe za ta koma shago, kuma ba ta da wanda za ta bar wa yarinyar sai shi.

"Haɗa in gani."

Ya zuba ruwa daidai layi, ya durƙusa ya duba da ido. Ya ɗebo gari. Hannun ya fara girgizar nan tasa, ya sa hannun hagu ya kama wuyan na dama ya riƙe gam. Ya share saman cokalin da bayan wuƙa kamar yadda nas ta nuna. Yana ƙirgawa da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya, har biyar.

Amarya ta sha ta sha, ta yi gyatsa, ta yi barci ta bar kusan yatsa biyu a kwalbar. Auta tana kallon sa. Ya ɗauki kwalbar ya nufi kicin. Firij yana dama, wurin wanke-wanke yana hagu. Ya daɗe a tsaye a tsakani, Auta tana bakin ƙofa. Sannan ya buɗe murfin ya tuttular, ya bi farin ruwan da kallo har ya shige rariya. Tun da yake, bai taɓa zubar da madara da hannunsa ba.

Talata uku bayan nan suka koma awo. Wannan karon Baba Cokali bai iya kallon sikelin ba, ƙasa ya zuba wa ido. Ya ji nas ta ɗora yarinyar. Sai ya ji alƙalami yana tafiya a kan kati.

"Ta hau," in ji nas. "Da saura, amma ta kama hanya."

Auta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Shi kuwa ya zuge jaka ya fito da murafen gwangwani huɗu ya jera a kan tebur, kowanne da karcen ƙusa.

"Duba, Malama. Ba wanda ya wuce kwana huɗu."

Nas ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta gyaɗa kai. Amarya ta fara kuka, kuka mai ƙarfi irin wanda suka daɗe ba su ji ba. Auta ta ɗauke ta daga sikelin, ta ɗan tsaya, sannan ta miƙa wa mahaifinta ita tare da kwalbar. Ya zauna a bencin ya sa mata a baki, hawaye yana bin gemunsa bai damu ya share ba.

"Sha, Amarya," ya ce. "Sha ki talauta ni."