Goggo Zelika da Wurin Yankan Ganyenta

Duk garin Memramcook ba wanda ya taɓa jin Goggo Zelika Belliveau ta amsa tambaya a miƙe. Ka ce mata ina kwana, sai ta ƙare maka kallo ta ce wa ya aiko ka. Ba ruɗin tsufa ba ne, tun tana budurwa haka take, kuma harshen agwagwa ne ya jawo.

Harshen agwagwa wani ganye ne siriri mai gishiri-gishiri da ke fitowa a fadamar bakin teku, bayan ganuwar ƙasa da kakanni suka tare ruwa da ita. Kowane gida da wurin yankansa, uwa ce ke nuna wa 'yarta, ko miji ba a gaya wa. Mijinta Alir ya ci ganyen nan da dankali da naman alade har ƙasa ta rufe idonsa, bai san inda ake samo shi ba. Tsohon kekensa ta gada. Kullum ruwan teku ya janye sai ta hau ta nufi gabas, alhali wurin yana yamma, ta zagayo ta kwantar da keken cikin ciyawa. 'Yarta Marielle tana aiki a Moncton, ba ta taɓa tambayar wurin ba. Goggo ta ɗauka wayo ne, so 'yar take uwar ta saki jiki ta yi suɓul da baka.

Da aka buɗe kan ganuwar ga masu yawon keke, barci ya ƙaurace mata. Cikinsu akwai wata mai riga ruwan ɗorawa da ta yi kwanaki tana kai da kawowa, abin hangen nesa a wuya, waya a hannu. Ranar da suka yi kaciɓis, matar ta sauka da fara'arta.

"Sannu Goggo. Sunana Tamsin, daga Halifax na zo."

"Wa ya tambaye ki? Me kike ta hange?"

"Tsuntsaye. Kuma an ce akwai tsofaffin turakun katako na ƙofar ruwan mutanen da. Ko kin san inda suke?"

Tsuntsaye! A ce mutum ya baro Halifax don ya kalli tsuntsu? Turakun kuwa suna gefen wurinta, taku kaɗan. Goggo ta tabbata an turo ta ne ta ɗauki hoto, baɗi a ga ganyen a kanti. Sai ta miƙa hannu can nesa, inda wani zirin ƙasa ya shige cikin laka.

"Ki ajiye keken, ki taka har ƙarshen can. Suna nan birjik."

"Na gode ƙwarai, Goggo."

"Riƙe godiyarki."

Ta zagaya yadda ta saba, ta durƙusa tana yanka da wuƙarta, ranta fes. Kwandonta ya kai rabi ta ji sanyi a gwiwa. Ruwa ne ke sulalowa ta ƙasan ciyawa, wurin da bai saba zuwa da wuri ba. Sai ta tuna jiya wata ya cika, yau teku zai yi babbar cika, kuma kwarin da ke bayan zirin nan shi yake fara shan ruwa. Ta miƙe. Ga rigar nan ruwan ɗorawa can, mai ita ta sunkuya tana neman turakun da babu su, hanyar da ta bi ta riga ta nutse.

Hanya ɗaya ce ta rage mai tauri, ita ce ta ratsa tsakiyar wurinta. Gaskiya, sai da Goggo ta tsaya, ta kalli ganyen, ta kalli matar. Ba tsayuwa mai tsawo ba, amma ta tsaya. Sannan ta yar da kwandon ta kutsa.

"Ke 'yar birni! Kurma ce ke? Zo nan!"

"Goggo ban ga turakun ba."

"Za ki gan su a lahira. Cire takalmin nan, ki sa ƙafa inda na sa tawa!"

Tamsin ta waiga ta ga ruwa. Ta kama gefen rigar tsohuwar kamar ƙaramar yarinya. Suka ratso laka har gwiwa, suka hau ƙasa mai tauri, suka shiga cikin ganyen da ya yi kore shar. Goggo na satar kallonta ta gefen ido, tana jira ta ga idon ya buɗe, hannu ya tafi ga waya. Ina! Tamsin ta bi ta kai tana tattakawa, ta murƙushe abin da uwa da kaka suka yi ta ɓoyo, ko sunkuyawa ba ta yi ba.

A kan ganuwa suka zube suna haki.

"Ba ki ga komai ba a hanya?" in ji Goggo.

"Ciyawa dai. Akwai wani abu ne?"

Ciyawa. Da sata aka zo yi mata da ya fi mata sauƙi. Ta zauna tana kallon ruwa na rufe wurin, ta tuna Marielle da shirunta na shekaru. Ashe ba wayo ba ne, ba ta so ne kawai. Duk tsaron nan da ta yi, ba mai nema, kuma ranar da aka binne ta ba wanda zai san akwai wurin. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ta goge wuƙar a cinyarta, ta juya ta ƙare wa Tamsin kallo tun daga laka har gashi.

"Kina da bakin surutu?"

"A'a Goggo."

"Duk haka kuke cewa. Gobe in ruwa ya janye ki same ni a nan. Ki zo da wuƙa, wayar nan kuma ki bar ta a masauki. Kuma gabas za mu fara nufa, kada ki tambaye ni dalili."