Malam Hamisu Mai Tambaya Ɗaya

Duk ranar kasuwa, in Malam Hamisu ya sallami marasa lafiya a ɗakin shan magani na ƙauyensu a Janfalan, sai ya hau tsohon babur ɗin nan nasa da ake jin kukansa tun kafin a hango shi, ya nufi layin masu maganin gargajiya. Yau Ikara, gobe Makarfi, wata rana Hunkuyi. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya tambayi iyali da gona, sannan ya jefa tambayarsa da ba ta canzawa: "Baba, in mutum ya sha maganinka ya kama amai da gudawa, me kake ce masa?"

Da ita yake auna su. Da farko bakinsu ɗaya: "Cutar ce ke fita, ya ƙara sha." Mu ma abin da muka taso muna ji ke nan, har murna muke in majinyaci ya galabaita.

Ɗanliti, mai maganin shawara a kasuwar Hunkuyi, ya fi kowa ba shi wuya. "Kakana ya ba da saiwar nan kafin a haifi ubanka. Tashi ka ba ni wuri." Malam Hamisu ya yi godiya ya tashi, kasuwa ta zagayo ya dawo. Bai taɓa kushe saiwar kowa ba. Roƙonsa dai a riƙa tambayar mace ko tana da juna biyu, a tambayi majinyaci ko yana shan ƙwayar asibiti, in kuma jiki ya ƙi magani a dakata.

Bara da damina yayana Tukur ya kwanta a Nasarawan Doya. Ya haɗa jiƙon Ɗanliti da ƙwayar asibiti, amai ya ƙi tsayawa, fitsari ya ɗauke. Aka aike ni in karɓo ƙari. Ɗanliti ya saurare ni, ya miƙa hannu wajen goran jiƙon, sai ya janye.

"Kar ya ƙara ko kurɓi ɗaya. Ku kai shi asibiti yanzu, ku tafi da sauran jiƙon likita ya gani. Tsaya ma, tare za mu."

Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da ƙodar Tukur ta tafi.

Malam Hamisu, kai ne mai haƙurin da ya dafa dutse. Ba ka wurin ranar nan, amma muryarka na ji a bakin tsoho Ɗanliti. Ga shi ka yi ritaya ba wanda ya buga maka ganga, to ni na buga. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma ma'aikatan lafiya masu tasowa, ku cire takalmi ku je inda mutanenmu ke karɓar magani, tabarmar na nan shimfiɗe.

Yaya Tukur ya ce in gaya maka rakensa ya isa sara, damin farko naka ne.