Ranar da Baba Ya Ba Kifina Kanwa

Kifayen nan biyu daga Yamai na zo da su, cikin leda mai ruwa, a kan cinyata tun daga tasha har Dogon Dutsi. Diskas ake ce musu. Faffaɗa ne kamar faifai, masu launin ƙasa da ratsi-ratsi, irin na asali da ake kamowa a kogunan Birazil, ba jajayen nan da aka ƙirƙiro don 'yan gayu ba. Mai sayarwar ya ja mini kunne cewa ruwan famfonmu ya yi musu kauri, ruwa suke so sakayau, marar gishiri ko kaɗan. Saboda haka duk damina ni ne tarbar ruwan indararo, ina cika ganguna ina rufewa, maƙwabta suna dariya wai mushen lakwal, wato ni malamin makaranta, ya samu taɓin hankali. In an ɗauke kuran kuwa, wato wutar lantarki, ga ni nan da batirin mota, don kada injin da ke hura musu iska ya tsaya.

Shekaru na yi ina jiran su haihu. Sai su yi ƙwai su cinye abinsu, kamar da gayya. Can a wani rani ƙwan ya ƙyanƙyashe. Iyayen suka yi duhu, 'ya'yan kuma, ƙanana kamar ƙwayar gero, suka manne a jikinsu suna tsotsar wani yauƙi da fatar ke fitarwa, wanda shi ne nononsu. Wallahi na yi murnar da ban yi ba ranar da aka ƙara mini girma a wurin aiki.

A makon ne Baba, yayan mahaifina, ya zo daga Sukukutane ganin likitan ido. Makiyayi ne tun tasowarsa, kuma a ganinsa babu dabbar da ta fi ƙarfin saninsa. Ya tsaya gaban akwatin gilashin da kifayen ke ciki ya ƙura ido. Na yi masa bayani dalla-dalla, yana gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya yanke hukuncinsa. Na tafi lakwal.

Da azahar na dawo na tarar ruwan ya yi fari fat. 'Ya'yan duk suna yawo a sama, cikinsu a birkice. Macen ta kwanta a gefe ɗaya tana buɗe baki. Baba kuwa yana kan tabarma, ya miƙe ƙafa.

"Mushe, ka komo? Bisashen ga naka na gyara ma su," in ji shi. "Kaska ta cika musu jiki hat sunka yi baƙi, kai kana kallo. Na jiƙa musu kanwa, ta ƙwarai, wadda ni ka ba shanuna."

Kaska! A cikin ruwa! Abin da na faɗa masa da bakina da safe cewa 'ya'yansu ne! Matata ta ce ta gan shi yana zubawa, amma wace suruka ce za ta riƙe hannun yayan surukinta? Nan take na kwashe ruwan, na juye musu gangar ƙarshe da ta rage mini, ga damina da sauran nisa. Macen ba ta kai la'asar ba. Namijin kaɗai ya tsira, ya laɓe a lungu.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, ban samu wanda zan yi wa ihu ba. Da maƙwabci ne, da unguwa ta ji mu. Amma Baba ne, kuma da kyakkyawar niyya ya yi, ita ce ma ta fi ba ni haushi. Da na buga wa mahaifina waya, cewa ya yi, "Kan kihi za ka ɓata ma yayana rai?" Maƙwabta suka shigo gaisuwa, Baba ya ba su labarin yadda ya ceto ɗaya, wai da ya zo da wuri da duka sun tashi. Suka yi ta sa masa albarka, ni kuma ina zaune ina amsawa da amin.

Ranar da zai koma na raka shi tasha. Har ya sa ƙafa a mota sai ya juyo, ya kwance bakin rawaninsa, ya miƙo mini ƙullin sauran kanwar.

"Amshi, ɗana. In wancan ya sake baƙi, ka ƙara mishi."

Na durƙusa, na sa hannu biyu na karɓa, na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."