Saukar da Mama

Mutanen layin mai ɗinki suke ce mata, ƙannenta biyu kuwa Yaya. Shagonta yana ƙasan bene, ɗakinta yana can hawan ƙarshe, tsakaninsu kuma akwai wata matakala mai ƙunci wadda maginin da ya yi ta, Allah ya yafe masa, bai taɓa tunanin mutum zai tsufa ba. Ba ta ɗinka sabon kaya sai jefi-jefi. Aikinta gyara ne: rage tsawon wando, sake zif, buɗe ƙugun siket ga matar da ta rantse wanki ne ya tsuke shi. Ta taɓa aure, bai yi ƙarko ba, ta dawo gida da keken ɗinkinta, ba ta sake sauraron kowa ba.

Mahaifinsu direban babbar mota ne, Musulmi. Mahaifiyarsu Kirista ce, tana waƙa a coci tun tana budurwa. Yadda suka daidaita su suka sani. Abin da yaran suka tashi suna gani shi ne Baba yana sauke Mama a ƙofar coci, Mama kuma tana tashinsa sallar asuba in gajiyar hanya ta danne shi. Yaya da Dogo, mai bi mata, suka bi Baba. Auta ya bi Mama. Har Baba ya rasu ba a taɓa ɗaga murya a kan wannan ba.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Mama, ya tafi da hannunta da ƙafarta na dama, ya tafi da maganarta, Yaya ce ta zauna da ita. Ita ke wanka, ita ke juya ta, ita ke kunna mata waƙoƙin coci a rediyo kafin ta shimfiɗa dardumarta a gefen gado. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinta, wato saukar da Mama ranar asibiti. Kujera ba ta juyawa a kwanar matakalar. Sai dai mutum biyu su ɗauke ta, kowa ya kama damtse ɗaya da ƙasan gwiwa, su sauko a karkace. Dogo yake kama dama, Auta hagu.

Yaya tana son ranar nan fiye da yadda take nunawa, domin ita kaɗai ce ta rage da ke haɗa ƙannenta a ɗaki ɗaya. Tun da aka kai wani hari a wani gari mai nisa, aka yi ramuwa, waya ta cika da hotunan gawa, Dogo da Auta suka zama malamai. Dogo mai gyaran firji ne, Auta yana tsaron kantin magani, ba wanda ya yi zurfi a karatun addininsa, amma kowa ya haddace laifin addinin ɗan'uwansa tsaf. Sun daina zuwa gidan juna. Matansu ma a waya suke gaisawa. Ranar asibiti ce kawai Mama take ganinsu tare, kuma tun da safe idonta yake kan ƙofa.

Muhawarar takan fara ne daga saman bene, cikin ladabi.

"Ka ga abin da mutanenku suka yi jiya?" in ji Auta, yana gyara wa Mama ɗankwali.

"Ba mutanenmu ba ne. Mu gaisuwarmu ma aminci ce," in ji Dogo. "Ɗaga ƙafar sosai. Ku da kuka cinye ƙasashen mutane, littafi a hannu ɗaya, bindiga a ɗaya?"

"Waɗannan ba Kiristoci ba ne, 'yan kasuwa ne. Almasihu bai taɓa zare takobi ba."

"To su wa suka cika jiragen ruwa da bayi?"

"Su wa suka sayar musu?"

Yaya tana binsu a baya da jakar magani da matashi, tana cewa ku yi a hankali, ga kwana nan. Ba mai jin ta. Wannan ya jawo aya, wancan ya jawo tata, kowa yana haki, kowa yana rantsuwa nasa ne addinin zaman lafiya. Mama tana lilo a tsakaninsu, bakinta a karkace, wani ɗan sauti yana fita daga maƙogwaronta. Yaya ta ɗauka kukan takaicin faɗan ne. Ta sha roƙonsu su bar maganar sai an kai ƙasa. Su ce to, Yaya, mako ya zagayo su koma. Ita kuma ta ƙyale, tana ganin faɗa ido da ido ya fi gaba daga nesa.

Wata rana a asibiti aka kawo sabuwar nas. Ta naɗe hannun rigar Mama za ta gwada jini, sai ta tsaya. Ta naɗe ɗayan. Ta ja labule, ta dubi Yaya.

"Anti, wa ke kula da tsohuwar nan a gida?"

"Ni ce. 'Yarta ce ni."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Nas ta matsa gefe don ta gani. A cikin damtsen, can ta wajen hammata, jini ya kwanta baƙi, shatin yatsu a jere, sabo a kan tsoho. Haka a dama, haka a hagu. Yaya ta sha ganin duhun wurin lokacin wanka, a ɗan hasken banɗakinsu, ta ce maganin tsinka jinin da Mama ke sha ne, an ce yana sa haka. A ƙarƙashin fitilar asibiti babu wurin ɓuya. Yatsun maza ne.

"Magani yana sa jini ya kwanta da wuri," in ji nas, muryarta a ƙasa, "amma sai an matsa. In kin gaji da jinya ki faɗa, ba abin kunya ba ne. Amma dukan tsohuwa dai ba za mu yi shiru a kai ba."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Yaya. Ta leƙa baranda ta kira ƙannenta. Suna zaune a benci ɗaya, kowa ya ba ɗan'uwansa baya yana latsa waya. Suka shigo, ta ɗaga musu hannun Mama.

Sun tsura wa wurin ido, gaskiya, har ta fara sa rai. Auta ya sunkuya ya duba hagu, ya zagaya ya duba dama.

"Na wannan gefen ya fi baƙi," ya ce.

"Ai nan ne gefen da ba ta ji," in ji Dogo. "Naka ne take ji."

Mama ta rufe ido. Nas ta sauke hannun rigar a hankali, ta ce wa Yaya ta yi haƙuri.

A makon nan Yaya ta tura keken ɗinki bakin ƙofar shago, ta fitar da teburin yanka, ta raba wurin da labule. Maƙwabta suka taya ta sauko da gado, suka sauko da Mama a cikin bargo, a hankali, ba mai magana sai wanda ke cewa a kula da kwana. Wurin ya yi ƙunci, ƙarar titi ba ta barin mutum ya huta, masu kawo gyara sun ragu saboda warin magani. Amma daga gadon zuwa motar haya Yaya ita kaɗai take tura Mama a keken marasa lafiya. Ta kira ƙannenta ta gaya musu an hutar da su.

Suna zuwa, ba a ce ba sa zuwa ba. Dogo yakan biyo bayan sallar Juma'a, Auta ranar Lahadi in an tashi coci, kowa da ledar lemo, kowa yana tambaya ko wancan ya zo, don kada su haɗu. Damtsen Mama ya washe, ya koma kalar jikinta.

Ranar asibiti kuwa har yanzu tun da safe Mama take kafe ƙofa da ido. Yaya takan ɗaura mata ɗankwali, ta sa mata takalmi, ta durƙusa daidai fuskarta.

"Mu biyu ne yau ma, Mama."

Mama ba ta duban ta. Har a tura keken zuwa bakin titi tana waiwayen layin, iya yadda wuyanta zai juya.