Ranar da Na-Gaisuwa Ya Ƙi Gaida Surukarsa

Shekarar da damina ta yaudare mu, soja kuma suka karɓi mulki a Yamai, ban wuce shekara tara ba, muna zaune a wani ƙauye gefen Baudeta. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, shi ma rabinsa dusa. Kakata Habsu, uwar babana, ita ta gano dabarar hana mu kuka bayan magariba. Takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta ɗora tukunyar ganyen tafasa, ta ce ba zai nuna ba sai tatsuniya ta ƙare. Sai da na girma na gane abin da ya sa tatsuniyoyin shekarar nan suka fi na kullum tsawo.

Ba ta farawa kamar kowa. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga baƙuwa a bakin zaure, a shigo da ita?" Mu ce, "Ta shigo, ga tabarma!" In na cika surutu, kuma kullum sai na cika, ta ce, "Ke ƙawata, bakin nan naki ba ya gajiya? Bari baƙuwa ta zauna mana."

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta Na-Gaisuwa. Mutum ne, in ji ta, da in ya fita sallar asuba sai hantsi yake komowa gida, don ko akuya ya iske sai ya tambaye ta kwanan iyali. Ran nan rijiyar garinsu ta ƙafe, aka kira mai haƙa daga nesa. Kafin ya sauka ya ɗaura igiya a ƙugu ya ce, "Can ƙasa iska ba ta da kyau. In numfashi ya fara yanke mini zan ja igiyar nan sau biyu, kuma jan mai sumewa ba shi da ƙarfi. Wanda ya riƙe ta ba ya waiwaye, ba ya magana, ba ya amsa gaisuwa sai na fito." Aka yi ƙuri'a, ta faɗa kan Na-Gaisuwa. Gari ya kwashe da dariya.

Yana riƙe da igiya sai ga surukarsa tafe da tulu. A nan Kaka kan dakata ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, don ko mu ƙanana mun san surukar mutum tun daga nesa ake tuɓe mata takalmi a durƙusa. Na-Gaisuwa bai durƙusa ba. Ta yi gyaran murya, shiru. Ta ce, "Lalle, yau na ga wanda na ba ɗiyata!" Ta wuce tana tafa hannu. Gumi na zuba masa, gaisuwa ta cika masa baki har kumatu sun kumbura. Kaka ta kumbura nata kumatun, mu faɗi muna dariya da cikinmu wayam.

Can sai ga mai gari da kansa. "Sannu da aiki." Shiru. "Na ce sannu da aiki!" Shiru. Mai gari ya ce in bai amsa ba a karo na uku ya bar masa gari. Bai rufe baki ba igiya ta motsa a tafin Na-Gaisuwa, sau biyu, kamar ɗan tsako ya tsattsagi hannu. Ya yi kururuwa, aka taru aka ja, mai haƙa ya fito a sanɗare, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo.

Muka ce, "Sai mai gari ya ba shi riga!"

Ta ce, "Wace riga? Tarar bunsuru ya ci shi, don ya kunyata shi a gaban jama'a. Surukar kuwa shekara guda ba ta amsa sallamarsa ba."

Na tashi tsaye na ce wannan ba adalci ba ne. Ta ce, "Zauna, alƙaliya. Ni ban ce muku an tafa mishi ba. Cewa na yi mai haƙa ya koma gida ya iske ɗiyansa. Baƙuwa ta tahi, a kawo akushi."

Shekara goma bayan haka fari ya komo, soja na nan bisa mulki, ni kuma ina aure a Cake, ƙasar Mayahi, da goyon fari a baya. Rijiyarmu ta ja baya, mijina Ilu ya sauka ƙara mata zurfi. Mutum biyu na jan gugan ƙasa, igiyar ƙugunsa kuwa tana hannun Buba, wani Bafulatani da shanunsa suka fara faɗuwa ɗaya ɗaya. Sai muka ji ƙugin mota. Sufurefe ne, mai mulkin ƙasar Mayahi, shi ma soja, ya zo da hatsin taimako, aka yi shela kowa ya zo da kansa, wanda ba a gani a layi ba babu rabonsa. Masu guga suka ce yanzu za su komo, suka ruga. Ba zan ɓoye ba, ni ma na suri ƙwarya na bi su, ni matar wanda ke cikin rami.

Na yi nisa na waiwaya. Buba na nan tsaye shi kaɗai, kai a sunkuye, ga wani soja ya nufe shi yana daka tsawa. Wallahi muryar Kaka na ji kamar tana bayana. Na komo da gudu na durƙusa gaban sojan na ce, "Ranka ya daɗe, ba raini ba ne. Mijina ne a ƙasa, shi kuma ba ya magana sai ya fito." Ya leƙa rijiya, ya faɗi wata magana da Faransanci, ya juya. Na aje ƙwarya na kama igiyar bayan hannun Buba, don in an ja ba zai iya shi kaɗai ba.

Ba a ja ba. Igiyar nan ko motsi ba ta yi ba. Ilu ya gama aikinsa lafiya lau, ya kira a fito da shi, ya fito yana kakkaɓe laka yana faɗa wai ina masu guga suka shiga. Kafin mu isa, hatsi ya ƙare. Wata maƙwabciya ta ɗibar mini mudu biyu cikin nata, na kai wa matar Buba ɗaya. Bayan sati su Buba suka kora sauran shanunsu zuwa kudu, ban sake ganinsu ba.

Yanzu jikata Rabi na lakwal, makarantar aikin jinya, a Maradi. In ta zo hutu takan karanta mini wani littafi mai kauri kan ɗa'ar aiki, tana juya mini shi da Hausa: kada ka bar majinyaci don babban mutum ya shigo, kada ka yi don a gani. Ina jin daɗinsa, ni da ban wuce allo ba. Amma na faɗa mata abin da ban ji a ciki ba. A tatsuniya igiya takan motsa, kowa ya ga amfaninka. A rijiyar Cake ba ta motsa ba, Buba ya rasa hatsi a shekarar yunwa saboda abin da bai ma faru ba, kuma da za a sake haka zai yi.

Ilu ya ƙara shekara talatin a duniya, muka haifi bakwai. Duk sallar da na yi, in na gama roƙa wa Kaka Habsu gafara, sai in sa sunan Buba. Ban san ko yana da rai ba, shi ya sa nake roƙa masa na duniya da na lahira gaba ɗaya.