Shekarar da Baba Ya Nemi Wata a Kan Ƙyaure

Tun ina yarinya, a unguwarmu ta Getso mahaifina ne ke fara ganin jinjirin wata. In ya ce ya gani, ba a sake tambaya, sai a kai labari Gwarzo.

Sai ciwon rawar jiki ya kama shi. Da hannu ya fara, daga baya wuya ya ranƙwafa har haɓarsa ta sauka kan ƙirji. Mutum ya zo gaishe shi, takalminsa kawai Baba yake gani. Likita a Kano ya ce sai lallaɓawa: magani a kan lokaci, motsa wuya safe da yamma, da wani abin ɗaure wuya na soso. Ga tsadar rayuwa, maganin ma wata rana akwai, wata rana babu. Abin wuyan kuwa kwana biyu ya yar da shi, wai shi ba akuya ba ne.

Shekarar da aka dawo da shari'a na zo daga Kabo duba shi, ranar ashirin da tara ga Sha'aban. Samari sun yi bayan gari neman wata, ba wanda ya leƙo ya kira shi. Ba mugunta ba ce, nauyinsa suke ji. Amma shi tun la'asar ya yi wanka, ya sa farar riga, ya zauna yana kallon tabarma. Wallahi raina ya ɓaci.

Na lura in ya kwanta rigingine wuyan kan ɗan saki. Na ciro ƙyauren ɗakin girki, na jingina shi da rumbu yana fuskantar yamma, na shimfiɗa bargo.

"Ke dai akwai rigima," in ji Inna, mahaifiyata. "Sai kin kayar mana da tsoho?"

Tana faɗa tana naɗe zane, ta tura masa a bayan wuya. Muka kishingiɗar da shi.

Da rana ta faɗi, na riga shi ganin watan, siriri, bisa tsamiyar maƙwabta. Na danne bakina. Idonsa na ta yawo, hawaye ya taru mini, ina tsoron watan ya faɗi bai kama shi ba.

Can ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya tambaye ni, "Tun ɗazu kika gan shi, ko?"

"A'a, Baba. Nuna mini."

Ya ɗaga hannun nan mai rawa, da ƙyar, ya nuna mini.